Tiyatar kafaɗa ko kayan ɗakin amarya?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, shekarata 47, shekara shida ke nan ina da ciwon suga. Wata bakwai da suka wuce kafaɗata ta dama ta fara ciwo, ban faɗi ba, ban bugu ba. Yanzu rubutu a saman allo ya gagare ni, ɗaurin ɗankwali sai 'yata ta taya ni, da dare kuwa in na juya ta wannan ɓarin sai na farka. Na sha maganin kemis har cikina ya fara zafi. Na je wani asibitin kuɗi aka yi hoto, likita ya ce ƙashi ne ke danne jijiya, za a shiga da na'ura a kankare shi a buɗe wurin. Kuɗin da suka yanka kusan daidai yake da adashen da na tara na kayan ɗakin 'yata, ga bikin saura mako goma. Maigida ya ce lafiya ce gaba, in yi aikin, Allah zai rufa asiri. Yayata ta ce kada in yarda a taɓa ni da wuƙa, ta san wani maɗori a Rigasa. Na rasa na kamawa. In na yi aikin zan warke kafin biki? In ban yi ba hannun zai shanye?

Uwar amarya, Tudun Wada, Kaduna.

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya nuna mana ranar bikin lafiya.

Bari in fara da tambayoyinki biyu na ƙarshe, don na san sun fi kafaɗar hana ki barci. In aka yi miki aikin nan a makon nan, ranar biki a tsakiyar jinya za ta same ki. Hannu kuma ba ya shanyewa don an ɗaga irin wannan tiyatar da wata uku. Saboda haka ki je ki saya wa yarinya gadonta da katifarta da kuɗin da kika tara mata. Na shekara ashirin da 'yan kai ina aikin gashin ƙashi, kafaɗu irin taki sun bi ta hannuna ba adadi, amma taki ban taɓa ta ba, hoton ma ban gani ba. Abin da zan ba ki guzuri ne na komawa gaban likita.

Ɗora yatsun hagu a ƙololuwar kafaɗarki ta dama. Ƙashin nan mai faɗi da kika ji reshe ne na allon kafaɗa, ya yi wa kan ƙashin damtse rumfa. Tsakanin rumfar da kan ƙashin akwai wani ɗan lungu da bai fi kaurin ƙaramin yatsa ba. Tsokoki huɗu ne ke rungume da gaɓar suna juya ta, jijiyar ta can sama kuwa ta lungun nan take ratsawa, tare da wata 'yar jaka mai santsi da ke yi mata matashi. A 1972 wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Charles Neer, ya ce gogar da jijiyar ke yi da ƙasan rumfar ce ke kawo ciwon. Duk wadda ta taɓa jan ruwa ta san yadda igiyar guga ke gogar bakin rijiya har ta fara fitar da zare. In haka ne, magani a fili yake, sai a kankare bakin rijiyar. Da farko da yanka ake yi. A shekarun 1980 aka koma yi da 'yar kyamara: a huda wuri biyu ko uku, kowanne bai kai faɗin farce ba, a share jakar da ta kumbura, a kankare 'yan milimitoci daga ƙasan ƙashin. Shi ne aikin da aka yi miki tayinsa. Bayanin yana shiga kai sosai, shi ya sa aka yi shekara arba'in da ɗoriya ana yi kafin a sa shi a sikeli mai tsauri.

Da aka tashi gwadawa, masu bincike na Jami'ar Oxford suka ɗauki mutum 313 a asibitoci 32 na Birtaniya. Dukkansu sun yi aƙalla wata uku suna fama, sun gwada atisaye da allura, jijiyarsu kuma ba ta tsinke ba. Da amincewarsu aka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka yi musu aikin cikakke. Kashi na biyu aka sa su barci, aka huda, aka leƙa da kyamara, aka rufe ba a kankare komai ba, kuma ba wanda ya san wanne aka yi masa. Kashi na uku ba a taɓa su ba, ana dai bibiyarsu. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a ƙarshen 2017. Bayan wata shida, da bayan shekara guda, waɗanda aka kankare wa ƙashi da waɗanda aka leƙa kawai kunnen doki suka yi. Sun ɗan ɗara waɗanda ba a taɓa ba, amma ɗarawar ba ta kai wadda mai ciwo zai ji a jikinsa ba. A 2018 likitocin Finlan suka fitar da nasu a mujallar BMJ, mutum 210, an bi su shekara biyu, amsar ba ta canza ba. A 2019 wani kwamiti na likitoci da masu gashi da majinyata ya ba da shawara ƙarara, a mujallar BMJ ɗin dai, cewa a daina yi wa masu irin wannan ciwon aikin.

Na san za ki ce ai akwai waɗanda aka yi wa suka samu sauƙi. Ƙwarai kuwa, ni ma na gan su. Sai dai waɗanda ba a kankare musu komai ba ma irin sauƙin suka samu. Wanda aka yi wa tiyata kowa a gida na tausaya masa, a karɓe masa jarka da muciya, ya huta, ya riƙa zuwa gashi ba fashi tunda ya zuba kuɗi. Ga lokaci kuma na nasa aikin. Abin da aka gane yanzu shi ne yawanci matsalar daga igiyar take: shekaru, da aikin da ya fi ƙarfinta, da suga, da taba ga masu sha, su ke raunana ta. Ko an goge bakin rijiya ya yi sumul, igiya mai rauni tana nan da rauninta. Sa'ar da muka yi, wannan igiyar mai rai ce, in ana ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan ƙwari take ƙarawa. A Suwidin an gwada haka kan mutum kusan ɗari da ke layin jiran wannan tiyatar, sakamakon ya fito a 2012. Rabi aka ba su atisaye na musamman na ƙarfafa tsokokin kafaɗa da na allonta tsawon mako 12, rabi aka ba su motsi na gama-gari. Da wa'adin ya cika, a rukunin farko ɗaya cikin biyar ne kawai ya ce har yanzu yana son wuƙa. A ɗaya rukunin sun haura shida cikin goma.

Kada ki ɗauka cewa nake likitanki macuci ne. Aikin ya daɗe a littattafan da aka koyar da su, kuma mai yiwuwa ya ga wani abu a hoton da ba ki rubuto min ba. Akwai kafaɗar da wuƙa ce maganinta. Wanda ya faɗi daga babur, washegari hannu ya ƙi ɗaguwa don jijiya ta tsinke, ɗinki yake so kuma da wuri. Haka mai gocewar kafaɗa a kai a kai, da karaya, da gaɓar da ta yi mugunya. Ke ba ki faɗi ba. Hoto kuma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Da za a tara waɗanda suka haura hamsin a Kasuwar Barci, waɗanda ba abin da ke musu ciwo, a yi musu hoton kafaɗa, da yawansu za a ga ɗan tsiron ƙashi ko zaizayewar jijiya. Furfurar ciki ce.

Wani abu a wasiƙarki ya fi maganar ƙashin tsaya min a rai. Mace, shekara 47, suga shekara shida, ciwon dare, ɗankwali ya gagara. Wannan ita ce siffar masu ƙagewar kafaɗa, wadda Turawa ke ce wa daskararriyar kafaɗa. A nan rigar da ta lulluɓe gaɓar ce ke kumbura, ta yi kauri, ta tsuke kamar atamfar da ta sha wanki ta matse. Masu suga na cikin waɗanda ta fi kamawa, kankare ƙashi ba ya kwance ta, tiyata ma takan jawo ta. Ga gwajin da za ki yi yau bayan magariba. Ki manna gwiwoyin hannu biyu a kwiɓi, ki miƙo tafuka gaba kamar kin tallabo faranti, sannan ki buɗe su waje ba tare da gwiwar ta bar jiki ba. In na hagu ya buɗe, na dama ya tsaya cak a hanya kamar ƙyauren da ya ci karo da buhu, ki riƙe wannan. Sai ki kwanta rigingine, ki saki hannun gaba ɗaya, 'yarki ta ɗaga miki shi a hankali. In ya tafi har kusa da kunne, ko da akwai ciwo a tsakiyar hanya, to zargi ya fi karkata kan jijiya. In ita ma ya ƙi mata, ƙagewa ce ta fi kusa. Ita ƙagewa baƙuwa ce mai dogon zama, takan yi shekara ɗaya zuwa uku, amma yawanci tana sakin mutum. Kulawarta ma daban ce, ba a yi mata dole lokacin da take kan zafinta.

Akwai kuma abin da ba a jira da shi ko kwana ɗaya: zazzaɓi da kumburi ja mai zafi a gaɓar, rama ba dalili, ƙullutu a nono ko hammata, ko nauyin ƙirji da zufa tare da ciwon kafaɗa in kina tafiya ko hawan bene. Na ƙarshen nan zuciya ake zargi, masu suga kuwa ciwon zuciya kan zo musu a ɓoye. In ciwon na sauka har yatsu suna sagewa, a duba wuya.

Ki kwashi hoton da takardunki ki kai wa wani likitan ƙashi na biyu. Ba cin fuskar na farko ba ne, su ma junansu suke tambaya. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na nan cikin gari, ga asibitin sojoji na 44, ga Shika a Zariya, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano in ta kama. Layi ne dai, sai sammako. In makarantar gwamnati kike koyarwa, ki tambayi ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, abin da katinki ya ɗauke, musamman gashi. Mu mata mun saba in likita na magana daga "to" sai "na gode", sai mun fito baranda mu tare nas da tambaya. Wannan karon ki rubuta a takarda ki karanta masa. Likita, jijiyar ta tsinke ne ko ba ta tsinke ba? Ba ƙagewa ba ce? Kankara kawai za a yi ko har da ɗinki? Da kyamara ko da yanka? In na jira wata uku ina gashi, me zan rasa? Ki kasa kunne da kyau ga amsar ta ƙarshen.

Sunan aikinmu ma yana yaudarar mutane. Da an ce gashi sai a zaci a kwanta ne a haska jar fitila a wurin, a shafa mai, a tashi. Ni kaina a shekaruna na farko na yi wa mutane da yawa haka, don shi suke so. Su fita suna sa min albarka, bayan kwana biyu su dawo yadda suke. Daɗin ɗumi na awa guda ne. Abin da ke gyara kafaɗa shi ne aikin da ke da kanki za ki yi a ɗaki, sau biyu a rana, mako 12. Mai gashi nasa ya duba ki, ya zaɓa miki, ya ƙara nauyi in lokaci ya yi.

Irin abin da za a ba ki ba ya bukatar na'ura. Ki dafa tebur da hagu, ki sunkuya, ki saki hannun dama yana lilo kamar guga a rijiya. Ki zauna gaban tebur ki ɗora tafi a kan tsumma, ki tura gaba ki dawo, kamar yarinyar da aka sa goge tebur ba ta so. Ki kwanta rigingine ki riƙe muciya da hannu biyu, na hagu ya ja na dama zuwa sama. Ki tsaya a bakin ƙofa, gwiwar hannu a kwiɓi, ki tura bayan hannu a jikin bango kamar za ki ture shi, ki ƙirga goma, ki saki. Bayan mako biyu ko uku sai a shigo da tsohuwar robar cikin tayar keke, da gorar ruwa mai rabin lita, wadda nauyinta rabin kilo ne. Ɗagawa rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne saukewa a hankali, ba a saki hannu ya faɗo ba. In wurin ya ɗan ja amma kina iya hira, ci gaba. In aka wayi gari ya fi na jiya kuma ya wuni haka, kin zarce, ki rage amma kada ki daina. Ki ɗaura atisayen da salla, bayan Asuba da bayan La'asar, don aikin da ba a yanka masa lokaci ba kullum sai gobe. Mako ukun farko kada ki sa ran komai. Yawanci tsakanin mako na shida da na goma sha biyu ne mutum ke farga da safe cewa daren jiya bai farka ba.

A aji, rabin allo na sama ki bar wa monita, ke ki tsaya kusa da allon ki riƙa rubutu daidai ƙirji. A gida a sauko da igiyar shanya, tukwanen da ake amfani da su kullum su bar saman kanta. Da dare ki kwanta ta hagu ki rungumi filo, hannun dama a kansa.

Zafin cikin nan gargaɗi ne, ki ji shi. Diklofenak da danginsa suna ƙwaƙular ciki suna wahalar da ƙoda, mai suga kuwa ƙodarta abin tattali ce. Haɗin nan da kemis ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, ba mamaki akwai sitiroyid a ciki, mai tayar da suga. Ki ajiye shi, ki tsaya kan farasitamol da abin da likita ya rubuta. Allurar da likita ke yi a cikin lungun kafaɗar daban ce, takan kwantar da ciwo na 'yan makonni ta ba ki damar barci da atisaye. Amma ita ma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, sai an riƙa gwadawa, kuma ba a maimaita ta a kai a kai. In za a yi, kada a bari sai ana gobe kamu.

Yayarki ƙauna ce ta sa ta. Ki gode mata, amma maɗori karaya yake ɗorawa, ke kuwa ba abin da ya karye. Tsorona fizga da murɗa, da tsaga ko ƙaho a fatar mai suga, wadda ƙaramin rauni kan zame mata gyambo. In taimako take so, ta zo da man kaɗanya ta murza miki wuya da bayan kafaɗa a hankali, ta kuma karɓi ragamar girkin biki. Jere dama nata ne, uwar amarya ba ta zuwa. Maigida kuma Allah ya saka masa da alheri, ba kowane namiji ke faɗin abin da ya faɗa ba. Ki karanta masa wannan amsar. Tunda ya ce lafiya ce gaba, ga inda za a gani: kuɗin Keke zuwa gashi, da sa samarin gida ɗaukar ruwa, da cin tuwon da wani hannu ya tuƙa ba tare da ƙorafi ba. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce a kan igiyar nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle mai ciwo.

To, a ce an yi wata uku zuwa shida kina yi tsakani da Allah, likita na biyu ya duba, kuka ga sai an shiga, ko an gano jijiyar ta tsinke. Ga abin da ke gaba, don kada ki ce ban faɗa miki ba.

Kafin ranar, a yi gwajin sugan nan mai nuna na wata uku, a daidaita shi, don suga mai yawa na jinkirta warkewar rauni. Ki tambayi yadda za ki sha maganinki a safiyar aikin, tunda za a hana ki abinci na kusan awa shida. Barci ake sa mutum, galibi a ƙara da allura a gefen wuya mai kashe hannun gaba ɗaya. Za ki farka ki ji hannun kamar na aro, yana iya kai kwana guda a haka. Ki fara shan maganin ciwo tun bai farfaɗo ba, don ya fi son farfaɗowa da tsakar dare. Da ruwan gishiri ake cika gaɓar lokacin aiki, saboda haka kafaɗar za ta kumbura, bandejin ya jiƙe da ruwa mai jaja-jaja kwana ɗaya ko biyu. Yawanci a ranar ko washegari ake sallama.

In kankara ce kawai, maratayin hannu na 'yan kwanaki ne, kuma daga washegari ake fara motsa yatsu da gwiwar hannu da lilon nan. In an ɗinke jijiya kuwa labari ya sha bamban: mako huɗu zuwa shida hannu na rataye, ba ɗagawa da ƙarfin kanki, warkewa kuma takan ci wata shida zuwa shekara. Shi ya sa na ce ki tambaya, ki kuma tabbatar mutanen gida sun ji amsar. Wani mai aikin silin ya taɓa zuwa min mako takwas bayan an yi masa kankara, hannunsa na nan a rataye cikin ƙyallen da aka sallamo shi da shi, har ƙyallen ya yi baƙi a wuya. Mahaifiyarsa ce ta hana shi motsi wai sai ɗinkin ciki ya kama, ga shi ba a yi wani ɗinkin ciki ba. Da na kwance, gwiwar hannun ma ta ƙi miƙewa, hammatarsa ta yi ja ta saɓule don ba ta ga iska ba. Wata biyar muka yi muna kwance abin da mako takwas ya ƙulla. Akwai kuma wata mai abincin sayarwa da ta ji daɗin jikinta a mako na uku, ta karɓi muciya ta tuƙa tuwon suna. Ta dawo min riƙe da damtse tana hawaye, muka koma baya da wata guda.

Ƙananan abubuwa ne ke gajiyar da mutum a makonnin farko. Kwanciya ƙasa sosai ba ta yiwuwa, sai a jingine da filo uku, ɗaya a ƙarƙashin gwiwar hannu. Riga mai faɗin hannu za ki nema, hannun ciwo ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Wurin hudar ba ya son ruwa sai an cire zare, kwana 10 zuwa 14, don haka wanka da leda da filasta. Sanyi na rage kumburi, tunda wuta ba ta da tabbas sai a sayo ƙanƙarar ruwan leda, a naɗe a tawul, minti 15, kada ta taɓa fata kai tsaye. A Keke ki zauna ta yadda kafaɗar ba ta bakin hanya, ki tallabi gwiwar hannun, don kowane rami sai ya gaisa da ita. Cin abinci da dama ba zai gagara ba da zarar hannun ya farfaɗo. Ɗaga hannu wajen kabbara, inda ya tsaya ya isa. Sujada ce ke ɗora wa kafaɗa nauyi, da yawa a zaune suke salla a makon farko, sai ki tambayi malaminku wannan da batun shafa a kan bandeji.

Aji za ki iya komawa bayan mako biyu ko uku, ban da saman allo. Aikin sama da kai da ɗaukar nauyi sai mako shida zuwa goma sha biyu. Mafi yawan sauƙin a wata uku yake bayyana, ragowar yana tafe a hankali har wata shida, wani lokaci shekara. Hatsarin aikin ba shi da yawa amma yana nan. Kwamitin nan na 2019 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 1,000 ne ke haɗuwa da babbar matsala cikin wata guda bayan aikin kafaɗa da kyamara, ban da ƙagewa, wadda mai suga ta fi kusa da ita. Zazzaɓi, mugunya, kumburin sha-raɓa ko numfashi sama-sama, a koma asibiti a ranar.

Yanzu ki ɗora wannan a kan kalandarki. In an yi aikin a makon nan, makonnin da za ki yi kina yawon Kasuwar Gumi da ta Barci neman labule da kuloli su ne makonnin jingina da ƙanƙara. Ranar wuni ƙawaye za su riƙa faɗo miki da runguma ta wannan kafaɗar, kina murmushi kina cije leɓe. Kuɗin kayan ɗaki sun tafi, atisayen da za a sallamo ki da shi kuwa shi ne dai na muciya da tsumma da robar keke da na lissafa miki a sama.

Gobe ki taho da alli ɗaya daga aji. Ki fuskanci bangon bayan ƙyauren ɗakinki, ki taka da yatsu zuwa sama har inda ciwo ya ce tsaya, amarya ta ja layi ta rubuta kwanan wata. Kowace Juma'a a sake. Bayan biki, in baƙi sun watse an mayar da tukwanen aro, ki rubuto min tazarar da ke tsakanin layin farko da na ƙarshe, da abin da likita na biyu ya ce game da jijiyar. A gaida amarya da babanta.